Tarihin Wiliyam Shekisfiya, Mawallafin Romiyo da Juliyet

Da wuya ɗalibi ya shiga kwalejin horon malamai ya fita bai ji sunan Wiliyam Shekisfiya ba. Waɗansu a bangon littafi kurum suka san shi, waɗansu kuwa sun san shi da wahalar da Turancinsa ya ba su daren jarrabawa. Amma kaɗan ne suka tsaya suka tambaya ko wane ne mutumin, ina aka haife shi, da wace sana'a ya ci abinci, kuma yaya aka yi wasannin da ya rubuta domin 'yan kallon Landan suka shekara fiye da 400 ba a daina karanta su ba. Ga tarihinsa a taƙaice, tare da bayani a kan wasa guda daga cikin wasanninsa, watau Romiyo da Juliyet, gama wanda zai koyar da abu ya kamata ya san asalinsa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Shekisfiya cikin watan Afrilu na 1564 a wani ƙaramin gari na Ingila mai suna Stratford, a bakin kogin Avon, wajen mil 100 arewa maso yamma da Landan. Littafin majami'ar garin ya nuna an yi masa baftisma ran 26 ga watan, mutanen Ingila kuwa sun ɗauki ran 23 ita ce ranar tunawa da haihuwarsa. Sa'an nan Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ke bisa gado. Ubansa, John, baduku ne mai ɗinkin safar hannu ta fata, yana kuma taɓa cinikin ulu. Uwarsa, Mary Arden, 'yar wani manomi ce mai hali. 'Ya'ya 8 suka haifa, Wiliyam ne na uku, amma 'yan mata biyu da suka riga shi sun rasu tun suna jarirai. Shi ma Allah ne ya yi da sauran kwanansa, domin yana ɗan wata uku annoba ta faɗa wa garin ta kashe mutum fiye da 200.

John ya yi arziki har ya zama shugaban majalisar garin a 1568. Akwai makaranta a Stratford inda 'ya'yan irin waɗannan mutane ke karatu kyauta, masana tarihi kuwa sun haɗu a kan cewa nan Wiliyam ya yi karatu. Karatun makarantun nan Latin ne tun daga sassafe har yamma, kwana shida a mako. Yaro ya haddace nahawu, ya juya Latin zuwa Turanci, ya sāke mai da shi Latin, sa'an nan a koya masa balaga, watau yadda ake jera hujja da yadda ake yi wa magana ado. Cikin littattafan da ake karantawa har da na Ovid, mawaƙin Rum, wanda ya ba da labarin wani saurayi da budurwa da iyaye suka hana su aure, saurayin ya zaci zaki ya cinye ta ya kashe kansa, ita ma da ta ga gawarsa ta bi shi. Ku riƙe wannan labari, za mu sāke gamuwa da irinsa.

Wajen 1577 sai karayar arziki ta sami John, bashi ya yi masa yawa, ya daina zuwa majalisa, har ya jinginar da gonar matarsa. Wiliyam bai je jami'a ba. Cikin Nuwamba 1582, yana da shekara 18, ya auri Anne Hathaway, 'yar wani manomi, wadda ta girme shi da shekara 8. Ta haifa masa Susanna a 1583, sa'an nan tagwaye, Hamnet da Judith, a 1585.

Zamansa a Landan

Shekara 7 bayan haihuwar tagwayen sai ga sunansa ya bayyana a Landan, yana fitowa a wasa yana kuma rubuta wasanni. Wanda ya fara ambatonsa a rubuce kuwa maƙiyi ne. Wani marubuci, Robert Greene, mai digirin jami'a, ya zage shi cikin wani ɗan littafi da aka buga a 1592, ya kwatanta shi da hankakan da ya yi ado da gashin waɗansu tsuntsaye. Abin da ya ci wa Greene rai shi ne a ce ɗan wasan da bai taka jami'a ba yana neman ƙwace wa masu ilmi kasuwa. Zagin nan shaida ce a kan Shekisfiya ya riga ya yi suna, gama itacen da ke da 'ya'ya shi ake jifa.

A shekarar nan annoba ta tashi a Landan ta kashe dubban mutane, hukuma ta rufe gidajen wasa kusan shekara biyu. Da sana'a ta tsaya sai ya koma ga waƙa, ya wallafa dogayen waƙoƙi biyu, ɗaya a 1593 ɗaya a 1594, ya sadaukar da su ga wani matashin basarake, Henry Wriothesley na Southampton. Da aka buɗe gidajen wasa a 1594 ya shiga wata ƙungiyar 'yan wasa da ke ƙarƙashin babban wakilin fadar Sarauniya, tare da Richard Burbage, gwanin fitowa a wasan baƙin ciki, da Will Kempe, gwanin ban dariya. Shekisfiya na da rabo cikin ƙungiyar, duk abin da aka samu a ƙofa da shi ake kasawa, shi ya sa ya tara abin hannu alhali marubuta da yawa na zamaninsa sun mutu da talauci.

Ya kamata mu san irin gidan wasan da ya rubuta dominsa. Zagayayyen gini ne na katako, tsakiyarsa a buɗe ba rufi. Mai kwabo guda ya tsaya a fili gaban dandamali, mai abin da ya fi haka ya sami wurin zama a bene. Da rana tsaka ake wasa, ba fitila, ba zanen daji ko na gari a bayan 'yan wasa. In ana so 'yan kallo su san dare ya yi, sai a sa maganar a bakin ɗan wasa. Mata kuma ba sa fitowa, yara maza ke sa kayan mata, sai daga 1660 mata suka fara hawa dandamali a Ingila. Ashe ke nan wanda ya fara fitowa a matsayin Juliyet yaro ne da muryarsa ba ta buɗe ba.

Asalin Romiyo da Juliyet

Wajen 1595 ya rubuta wannan wasa, aka fara buga shi a 1597, aka sāke bugu mafi tsawo da inganci a 1599. Labarin tsoho ne, daga Italiya ya fito. Luigi da Porto ne ya ajiye shi a birnin Verona wajen 1530, Matteo Bandello ya sāke rubuta shi a 1554, aka juya shi zuwa Faransanci, daga nan wani Bature, Arthur Brooke, ya mai da shi doguwar waƙar Turanci a 1562. Waƙar Brooke ita Shekisfiya ya ɗauka ya yi aiki a kanta.

Ga yadda labarin yake. A Verona akwai manyan gidaje biyu, na Montague da na Capulet, masu tsohuwar gaba, har barorinsu ba sa gamuwa a hanya ba a zare takobi ba. Romiyo ɗan Montague ya saci jiki ya shiga walimar Capulet da fuska rufe, ya ga Juliyet, suka kamu da son juna kafin su san gidajen da suka fito. Kashegari wani limamin Kirista, Fada Lawrence, ya ɗaura musu aure a ɓoye, da fatan auren ya kashe gabar. A yinin nan Tybalt, ɗan kawun Juliyet, ya kashe Mercutio abokin Romiyo, Romiyo ya rama ya kashe Tybalt, Sarki ya kore shi daga gari, ya tafi Mantua. Uban Juliyet, da yake bai san da auren ba, ya sa ranar ba da ita ga wani basarake mai suna Paris. Fada ya ba ta maganin da zai kwantar da ita kamar gawa har awa 42, ya aika wa Romiyo da takardar bayani, takardar ba ta isa ba. Romiyo ya ji labarin mutuwa, ya sayi guba, ya zo hubbaren gidan Capulet, ya tarar da Paris suka gwabza ya kashe shi, sa'an nan ya sha gubar. Juliyet ta farka ta ga gawarsa, ta soke kanta da wuƙarsa. A kan gawar 'ya'yansu iyayen suka shirya.

Wanda ke son ya gane gwanintar mutumin nan, sai ya dubi abin da ya sāke. A wurin Brooke labarin ya ɗauki wajen wata 9, Shekisfiya ya matse shi cikin kwana biyar, tun daga safiyar Lahadi, a tsakiyar zafin watan Yuli. Ya rage shekarun Juliyet, ya mai da ita yarinyar da ba ta cika 14 ba. Mercutio, wanda Brooke ya ambata sama sama, ya gina shi ya zama babban mutum cikin wasan. Brooke kuma ya buɗe littafinsa da wa'azi, ya ɗora wa masoyan laifin ƙin bin iyaye, Shekisfiya kuwa ya buɗe da faɗan barori a titi, ya rufe da Sarki yana tuhumar tsofaffin biyu. Har wasan ya ƙare ba wanda ya faɗi abin da ya haddasa gabar, sun gāje ta ne kurum suna riƙo.

Mutanen da ke cikin wasan

Romiyo mutum ne mai saurin hawa da saurin sauka. Da farko muna ganinsa yana kukan son wata Rosaline, cikin dare guda ya manta da ita. Ya yi ƙoƙarin raba faɗa, amma da abokinsa ya faɗi sai ya zare takobi bai yi tunani ba. Da ya ji labarin mutuwar matarsa bai nemi Fada ba, mai sayar da magani ya nema.

Juliyet ta fi shi ƙanƙanta, ta kuma fi shi hankali. Ita ce ta hana shi rantsuwa da wata, don wata yakan sāke kama, ita ce ta ji tsoron abin ya cika sauri, ita ce kuma ta kawo maganar aure. A farkon wasa yarinya ce mai amsa wa uwarta da ladabi, kafin ƙarshe uba ya yi mata barazanar kora, uwa ta juya mata baya, ta ɗauki kwalbar magani ita kaɗai a ɗaki tana lissafa abin tsoron da ke jiranta cikin hubbare, ta kuma sha.

Shekisfiya yakan ajiye mutum kusa da kishiyarsa don halin kowanne ya fito. Benvolio mai son sulhu ne, Tybalt mai neman faɗa. Romiyo ya ɗauki so abu mai tsarki, Mercutio ya mai da shi abin ba'a. Mercutio kuwa ba ɗan ko ɗaya daga gidajen nan ba ne, dangin Sarki ne, ga shi gabar da ba tasa ba ta ci shi, ta ƙarƙashin hannun Romiyo aka soke shi, ya mutu yana la'antar gidajen biyu. Kafin mutuwarsa wasan cike yake da raha da biki, daga nan kuwa dariya ta ƙare.

Manyan da ya kamata su tsare yaran kowanne ya kāsa. Capulet da bakinsa ya ce a bar 'yarsa ta ƙara shekara biyu, a kuma nemi yardarta, amma da ta ce ba ta son Paris sai ya hau ta da zagi. Uwar goyonta, wadda ta shayar da ita, ta kuma yi mata jakadanci, ita ce ta ce ta manta da Romiyo ta auri Paris. Fada Lawrence ya yi wa Romiyo gargaɗi a kan gaggawa, sa'an nan ya ɗaura auren a ranar, da ya ji motsin 'yan gadi kuma ya gudu ya bar Juliyet cikin hubbare. Sarki kansa ya amsa cewa sakacinsa ne ya bar gabar ta girma, ya kuwa rasa danginsa biyu, Mercutio da Paris.

Adon maganarsa

Abu na farko shi ne rabon waƙa da zube. Barori da zube suke magana, manya kuwa yawanci da waƙa mai gaɓa goma a layi, ba ƙafiya. Akwai kuma wata irin waƙar soyayya mai layi 14 da ake kira sonet, wadda bisa al'ada saurayi ke yi shi kaɗai yana kukan budurwa ta ƙi shi. Sa'ad da Romiyo da Juliyet suka fara magana, sai Shekisfiya ya raba musu sonet guda, shi ya yi layi huɗu, ita ta amsa da huɗu, suka ƙarasa sauran tare. Mai kunne ya ji sun dace tun ba su san sunan juna ba.

Na biyu kamantawa ce da haske da duhu. Romiyo ya kwatanta Juliyet da rana mai fitowa, ita kuwa ta kwatanta shi da taurari. Amma dare ne abokinsu, cikinsa suka gamu, cikinsa suka yi alkawari, rana kuwa ita ke kawo faɗa da rabuwa. Asubar da za su rabu har gardama suka yi a kan kukan tsuntsu, ita tana cewa na dare ne, shi yana cewa na asuba ne. Hasken nasu kuma gajere ne, Juliyet ta kwatanta shi da walƙiya, Fada ya kwatanta shi da wuta da albarushi. Ku tuna da rana tsaka ake wasan, saboda haka da kalmomin nan ne 'yan kallo suka ga dare da taurari.

Na uku gama kishiyoyi ne cikin magana guda, kamar a haɗa wuta da sanyi, ko lafiya da cuta. A bakin Romiyo sa'ad da yake kukan Rosaline kwalliya ce kawai, irin ta samari. Da Juliyet ta ji mijinta ya kashe ɗan'uwanta sai ita ma ta yi irin maganar, amma nan gaskiyar halin da take ciki ke nan, so da ƙi sun haɗu a kan mutum guda. Fada ma da muka fara ganinsa yana tsinkar ganye, cewa ya yi fure guda na ɗauke da magani da guba, ga shi kuwa magani da guba su suka ƙarasa labarin.

Na huɗu harshen damo ne. Juliyet ta yi wa uwarta magana a kan Romiyo, uwar ta ji ƙiyayya, mu kuwa muka ji so. Mercutio yana bakin mutuwa ya yi wasa da wata kalmar Turanci mai nufin kabari, mai kuma nufin mutum marar fara'a.

Na biyar shi ne sanar da 'yan kallo abin da mutanen wasan ba su sani ba. Tun a layukan farko an faɗa mana masoyan za su mutu, don haka duk murnarsu tausayi take ba mu. A hubbare Romiyo ya yi mamakin yadda leɓunanta da kumatunta ba su koɗe ba, mu mun san dalili, shi bai sani ba. Abin da ya tsare takardar Fada kuwa annoba ce, an kulle ɗan aiken cikin gidan da ake zaton cutar ta shiga. 'Yan kallon da suka ga irin wannan kulle a Landan shekara biyu ko uku da suka wuce ba su bukaci bayani ba.

Sauran rayuwarsa

Cikin Agusta 1596 ɗansa Hamnet ya rasu yana da shekara 11. A 1597 ya sayi wani babban gida a Stratford da ake kira New Place. A 1599 ƙungiyarsu ta gina gidan wasa na Globe a kudancin kogin Thames, da katakon tsohon gidansu da suka kwance suka haye da shi. Da Sarauniya ta rasu a 1603, Sarki James ya karɓi ƙungiyar ta zama tasa. A shekarun nan ne Shekisfiya ya rubuta Hamlet, da Othello, da King Lear, da Macbeth. An buga sonet ɗinsa guda 154 a 1609. Ran 29 ga Yuni 1613 aka harba igwa cikin wasa, wuta ta kama jinkar Globe, gidan ya ƙone ƙurmus. Wajen lokacin nan ya daina rubutu, ya ƙarasa kwanakinsa a garinsu. Ya rasu ran 23 ga Afrilu 1616 yana da shekara 52, aka binne shi cikin majami'ar da aka yi masa baftisma.

Bai tattara wasanninsa da kansa ba. Abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, su suka tara guda 36 suka buga cikin babban littafi guda a 1623, 18 daga ciki ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth da Julius Caesar. Zuriyarsa ta ƙare da rasuwar jikanyarsa Elizabeth a 1670, amma littafin ya gama duniya. Julius Nyerere na Tanzaniya, wanda malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, ya juya Julius Caesar zuwa Suwahili aka buga a 1963, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya juya wani wasan zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu a 1971.

To, ku da za ku fita ku riƙe aji, kada ku bar yara su haddace sunayen adon magana su zuba a takardar jarrabawa ba su san amfaninsu ba. Domin a gani a kuma ji aka rubuta wasan nan. Ku tashe su tsaye, ku raba musu mutanen, wannan Mercutio, wancan Tybalt, su karanta da ƙarfi. In sun gama, ku tambaye su wa ke da alhakin mutum shida da suka mutu, har da uwar Romiyo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe: ƙaddara ce, ko gaggawar yara, ko gabar manya? Kowane yaro ya kawo hujjarsa daga cikin littafin, ya nuna kashi da fitowa. Wanda ya iya wannan ya karanta Shekisfiya, jarrabawa kuma ba za ta gagare shi ba.